Tambaya da Amsa: Za Mu Dablin a Lokacin Sanyi, Ta Ina Za Mu Fara?

Jama'a assalamu alaikum. Wannan makon saƙonni huɗu ne suka faɗo a kan abu ɗaya, wato zuwa hutu ƙasar Ailan da babban birninta Dablin a lokacin sanyi, shi ya sa na haɗa su wuri guda, kowa ya karanta har da amsar ɗan'uwansa domin abinda ban faɗa a wannan ba yana cikin wancan.

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali, Allah ya ƙara basira. Dan Allah shawara nake nema, maigidana ne zai samu hutu a ƙarshen shekara yace in zaɓi inda zamu je ko na kwana biyar ne, ni kuma Dablin nake so saboda ƙanwarsa tana karatu a can kuma yaran nan sun dame ni su dai ƙanƙara suke son gani tana zuba daga sama, babbar shekararta 9 ƙaramin 5. Mun tsara mu tashi 23 ga Disamba mu dawo 28 tunda lokacin makaranta tana hutu. Shin lokacin yayi? me zamu gani, me zamu saka, sannan bizarmu ta Faransa da bata ƙare ba zata shigar damu? Nagode sosai.
Maman yara, Kaduna

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, amin amin nagode. Bari in fara da ƙarshen tambayarki don shi ne zai iya rusa komai. Bizar Faransa ba za ta shigar da ku Ailan ba. Ƙasar tana cikin Tarayyar Turai tun 1973 amma ba ta cikin tsarin Shengen, wato tsarin da biza ɗaya ke shigar da mutum ƙasashen Turai da yawa har da Faransa, bizarta daban ce, kuma mai fasfon Najeriya dole sai ya nema, har yaran kowa da tasa. Ana cike fom ne a intanet, a buga takardar, a kai cibiyar karɓar takardun biza a Abuja ko Legas a ɗauki hoton yatsu, irin wadda za ku nema ita ce ta gajeren zama wadda ba ta wuce kwana 90. Za su so ganin bayanin asusun banki na wata shida, takarda daga wurin aikin maigida da ke nuna an ba shi hutu kuma zai dawo, inda za ku sauka, takardun haihuwar yara, wasiƙar gayyata daga ƙanwarsa idan a wurinta za ku zauna, fasfo kuma ya zama da sauran aƙalla wata shida bayan ranar da za ku baro ƙasar. Suna karɓar nema tun saura wata uku, toh ki yi amfani da wata ukun nan gaba ɗaya kar ki bari sai Nuwamba, kuma su da kansu suna cewa kar a sayi tikiti sai biza ta fito. Dan Allah kar ku bari wani eja ya ƙara muku takardar ƙarya wai don ta ƙara nauyi, idan suka gano suna iya hana mutum sake nema har shekara biyar.

Sai ranakun da kuka zaɓa, gaskiya ƙanwata ban so su ba sam. Kirsimeti a Ailan ba wasa ba ce, biki ne na cikin gida, kowa ya koma wurin iyayensa ya rufe ƙofa. Ranar 24 tun da yamma shaguna ke fara rufewa, ranar 25 gari tsit yake, babu bas, babu jirgin ƙasa, babu tarago, gidajen tarihi a rufe, gidajen abinci kusan duka a rufe, hatta filin jirgin Dablin ba ya jigilar fasinja a ranar, ranar 26 kuma da suke ce wa ranar Saint Stephen ita ma hutu ce motoci kaɗan ne ke fita. Kinga ke nan a cikin kwana biyar ɗinku kusan uku sun tafi a ɗakin otal, ga kuɗin tikiti a makon ya fi na kowane lokaci tsada saboda 'yan ƙasar da ke Ingila da Amurka da Ostareliya duk suna dawowa gida. In da hali ku tafi tsakanin farkon Disamba zuwa wajen 20, lokacin an kunna fitilun ado a titin Grafton da titin Henry gari ya yi kyau komai kuma a buɗe, in hutun makaranta bai bari ba ku tashi 27 ku yi sabuwar shekara a can, akwai bikin da ake yi a tsakiyar gari da wasan wuta.

Maganar ƙanƙara kuwa ki zaunar da yaran tun yanzu ki faɗa musu gaskiya, da wuya su gan ta. Ailan tsibiri ce, iskar da ke zuwa daga tekun Atlantika tana da ɗan ɗumi, shi ya sa a Disamba da Janairu da rana awon sanyi yakan tsaya wajen digiri 7 ko 8, da dare ya sauka 2 ko 3, wani lokaci ya taɓa sifili ki tashi ki ga ciyawa ta yi fari, amma ƙanƙarar da za ta kwanta a titi har yaro ya dunƙula ba kullum ba ce, ana iya yin sanyi guda ba a samu ba sai dai a hango ta a kan duwatsun Wicklow daga nesa. Idan ƙanƙara ce gaba ɗaya dalilin tafiyar to bizarku ta Faransa ta fi amfani, ku nufi yankin duwatsun Alps. Abinda za ki tarar a Dablin ruwa ne da iska da duhu. Sanyin hunturunmu busasshe ne ki shafa mai ki ja mayafi rana ta fito ya sake ki, nasu jiƙaƙƙe ne yana bin kaya ya shiga jiki kuma ranar ko ta fito ba ta da zafi.

Duhun nan shi nake so ki riƙe fiye da komai, don a kansa za ki gina tafiyar duka. A tsakiyar Disamba rana ba ta fitowa sai wajen 8:40 na safe, kafin 4:10 na yamma ta faɗi, wato hasken awa bakwai da rabi ke nan, in akwai hadari ma ƙarfe uku da rabi kin ga an fara kunna fitila. Mu da muka saba a fita yawo bayan la'asar, in kika yi haka a can kin fita cikin dare. Don haka duk abinda yake na waje, lambu ko bakin teku ko ɗaukar hoto, ki sa shi tsakanin goma na safe da uku, abinda yake na cikin gini ki bar shi ya biyo baya, kuma kar ki tara wurare, biyu a rana sun isa mai yara. Agogonsu a lokacin sanyi yana bayan namu da awa ɗaya ne kacal, ba za ku sha wahalar juyin barci ba.

Kaya kuma kar ki cika akwati da suwaita masu nauyi daga nan. Kowa ya samu ta ciki mai kama jiki riga da wando, sai suwaita, sai jaket mai hula wadda ruwa ba ya ratsawa, da takalmi rufaffe wanda ba ya shan ruwa, safa mai kauri, safar hannu da hular sanyi ga yara. Lema ba ta da wani amfani sosai iska ke juya ta. Abaya ko doguwar riga za ki iya sawa abinki a kan na cikin amma ki zaɓi wadda ba ta jan ƙasa, in ba haka ba bakinta zai yini a jiƙe. Abinda ya rage ki saya a can ranar da kuka sauka, akwai Penneys a titin Mary, shagon da a Ingila ake kira Primark, a nan ya fara a 1969, kayan sanyin yara suna da sauƙi. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu caja ba matsala, kuɗinsu Yuro, kusan ko'ina ana biya da kati.

Wurin da zan fara tura ki, kuma ko ba ki je ko'ina ba ki je nan, shi ne ɗakin adana littattafai na Chester Beatty da ke harabar Dublin Castle. Mutumin Ba'amurke ne attajirin haƙar ma'adinai, ya kwashe rayuwarsa yana tara tsofaffin rubuce-rubucen hannu daga ƙasashen Musulmi da Sin da Japan da Habasha, ya koma Dablin da zama a 1950, da ya rasu a 1968 ya bar wa al'ummar ƙasar komai. A cikin abinda ya bari akwai Alƙur'anai rubutun hannu sama da 260, cikakku da ɓangarori, ciki har da wanda shahararren mai rubutun nan Ibn al-Bawwab ya rubuta a Bagadaza a shekara ta 391 bayan Hijira, wato wajen shekarar 1000 miladiyya, ga wasu daga Masar na zamanin Mamluk manya-manya da ruwan zinare, ga na Farisa masu adon shuɗi. Suna juya abinda suke nunawa saboda haske yana lalata takarda, don haka ba lallai ki tarar da wanda na ambata a ranar ba, amma duk wanda kika tarar zai tsayar da ke. Ki kai babbar yarinyar kusa da gilashin ki ce ta nemo surar da ta haddace, za ta iya karantawa, tawada ce da alƙalami da wani ya riƙe shekaru ɗaruruwa da suka wuce amma harafi bai canza ba. Shiga kyauta ne, ciki da ɗumi, sai dai daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba sa buɗewa ranar Litinin, kuma ki leƙa shafinsu kafin ki fita don harabar ta gwamnati ce akan rufe ta idan ana manyan taruka.

Daga nan tafiyar ƙafa ce kaɗan zuwa jami'ar Trinity da aka kafa a 1592, inda ake ajiye littafin Kells, Linjila ce da sufaye suka rubuta da hannu wajen shekara ta 800 da zane mai ban mamaki, wannan kam da kuɗi ne kuma gara a sayi tikiti a intanet. Gidan tarihi na ƙasa da ke titin Kildare kyauta ne, akwai kayan zinare na dubban shekaru da kayan 'yan Viking, mayaƙan teku daga arewacin Turai, da suka kafa garin, akwai kuma gawarwakin mutanen da da aka tono daga fadama fatarsu da gashinsu na nan, wannan ɓangaren ki kauce da ƙaramin kar ya tsorata.

Ranar da gari ya waye garau ku bar duk wani shiri ku fita waje. Phoenix Park fili ne mai hekta 707 a cikin gari, barewa suna yawo a sake garke guda, ba a ba su abinci ba a taɓa su amma yara za su gan su kusa, gidan zu yana ciki, kuma a lokacin sanyi suna yin wani nuni na fitilu masu siffar dabbobi da daddare wanda ake sayen tikitinsa tun da wuri. Ko ku hau jirgin DART da ke bin bakin teku zuwa Howth, wajen rabin awa ne daga tsakiyar gari, ƙauyen masunta ne ku ci kifi da dankali da zafinsa ku ga jiragen kamun kifi, kar dai ku hau hanyar kan dutse da yara in ana iska. Sannan ki ɗan tsaya a bakin kogin Liffey wajen Custom House Quay, akwai gumakan mutane ramammu suna tafiya da ƙunshin kaya, tunawa ce da yunwar 1845 zuwa 1852 lokacin da cuta ta kama dankali, kusan mutum miliyan ɗaya suka mutu wasu miliyan ɗaya suka tsere a jiragen ruwa, har yau yawan mutanen tsibirin bai koma yadda yake kafin yunwar ba. In kin ga wurin nan za ki gane me ya sa mutanen ƙasar suke da tausayin wanda yunwa ko yaƙi ya kora.

Jirgi kuma babu mai tashi kai tsaye daga Najeriya, sai an sauka a hanya. Ni na fi son ta Doha ko Istanbul ko Alƙahira, ki guji ta Landan in ba ku da bizar Birtaniya don za a nemi ku bi ta shige da ficensu kafin ku hau na Dablin. Daga filin jirgi zuwa gari babu jirgin ƙasa, bas ne ko tasi, wajen kilomita 10.

Tambaya: Salam Anti. Ni ɗalibi ne a Manchester ina da bizar karatu ta Birtaniya, muna so muje Dablin wikend ɗaya a Janairu ni da abokaina, wani yace ba sai mun wahala da biza ba mu shiga Belfast kawai mu hau bas tunda babu boda babu mai tambaya. Gaskiya ne? kuma ya zamu yi mu rage kashe kuɗi don aljihun ɗalibi ne.
Ɗanki a Manchester

Amsa: Ɗana, kar ka yi, ina roƙonka. Abokin naka ya faɗi rabin gaskiya ne, rabin da ya bari kuma shi ne mai haɗarin. Eh babu shinge babu ƙofa a kan iyakar, tsibirin an raba shi ne farkon shekarun 1920, gundumomi shida na arewa da Belfast suka zauna a ƙarƙashin Birtaniya, sauran 26 suka zama ƙasa mai cin gashin kanta, bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998 aka kwashe shingayen sojoji. Amma 'yancin kai da kawo ba tare da biza ba na 'yan ƙasar Birtaniya ne da 'yan ƙasar Ailan, kai fasfonka kore ne, bizar karatunka ta Birtaniya ba ta ba ka izinin taka Jamhuriyar Ailan ba ko na awa ɗaya. 'Yan sandansu da ake kira Garda suna tare bas da jirgin ƙasa da suka taso daga Belfast su duba takardu, in suka same ka za a mayar da kai kuma ya shiga tarihinka, gobe duk fom ɗin da ya tambaye ka ko an taɓa hana ka shiga wata ƙasa dole ka ce eh. Karatun da iyayenka suka zuba wa kuɗi ya fi wikend ɗaya. Ka nemi biza daga nan Ingila, ka haɗa da takardar makaranta da shaidar izinin zamanka. Maman yara ke ma ki ji, abin ta kowane ɓangare ne, bizar Ailan ba ta kai ki Belfast.

In biza ta fito, Janairu lokaci ne mai kyau ga aljihu, daga tsakiyar watan zuwa Fabrairu otal da tikiti suna sauka don baƙi sun ragu. Jirgin sama daga Manchester wajen awa ɗaya ne, ka kula da girman jakar hannu in na masu araha ka hau. Akwai jirgin ruwa daga Holyhead da ke Wales, awa uku da 'yan mintuna, amma a lokacin sanyi ba abin dogaro ba ne sosai, a Disamba 2024 lokacin guguwar Darragh tashar ta lalace aka rufe ta har tsakiyar Janairu mutane da yawa suka rasa yadda za su yi. A gari ka sayi katin Leap, da shi za ka hau bas da taragon Luas da DART kuma ya fi biyan tsaba sauƙi, bas ɗin gari ma tsabar ƙarfe kawai yake karɓa kuma ba ya ba da canji. Gidajen tarihi na ƙasa da gidan zane-zane na Merrion Square kyauta ne. Wanda zan ce ka biya ka shiga shi ne kurkukun Kilmainham, inda Turawan Ingila suka harbe jagororin boren 1916, tikitinsa yana ƙarewa da wuri ka kama tun kafin ka taso. Unguwar Temple Bar ka bi ta ka wuce, mashaya ce jere kuma komai ya fi tsada a can.

Tambaya: Hajiya barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Kano zan raka uwargida Dablin a watan Janairu in sha Allah. Damuwata biyu ce, sallah da abinci. Akwai masallaci? kuma zan iya tafiya da kilishi da dambun nama in ajiye a ɗaki?
Alhaji, Kano

Amsa: Alhaji ranka ya daɗe, barka kadai. Kilishi da dambu dai a bar su a gida, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko madara ko abinda aka yi da su daga wajen Turai, ko busasshe ne, za a ƙwace kuma ana iya cin tara, man shanu ma yana ciki. Yaji da garin kunu da kuka ba su cikin wannan hanin, a ɗaure su da kyau, in an tambaya a nuna.

Masallaci akwai, ƙidayar 2022 ta nuna Musulmi sun haura dubu 80 a ƙasar. Wanda ya fi kusa da tsakiyar gari shi ne na South Circular Road, tsohuwar coci ce al'ummar Musulmi suka saya a 1983, ana Juma'a ana cika sosai ka je da wuri, kuma a kewayen nan har zuwa titin Clanbrassil akwai mahauta na halal da gidajen abinci na Larabawa da 'yan Pakistan da Turkawa. Akwai babbar cibiyar Clonskeagh da aka buɗe a 1996, amma an rufe ta a 2025 saboda saɓani a shugabanci, a tambaya kafin a nufe ta. In kana son kayan miya irin namu, doya, attarugu, manja, ka leƙa titin Moore akwai shagunan 'yan Afirka.

Abinda zai zo maka sabo shi ne yadda salloli suke matsowa kusa da juna. A ƙarshen Disamba da farkon Janairu asuba tana shiga wajen shida da rabi, azahar wajen goma sha biyu da rabi, la'asar wajen biyu, magariba huɗu da 'yan mintuna, isha wajen shida. Kaga salloli uku suna faɗowa ne a daidai lokacin da mutum yake waje, in ka shagala a kasuwa ko gidan tarihi sai ka ga la'asar ta wuce maka. Ka fita da alwala, ka sa ƙaramar darduma a jaka, ka zauna da malaminka kafin tafiya kan hukuncin ƙasaru da haɗa salloli da shafa a kan huffi. Alƙibla daga can tana kudu maso gabas. Banɗakunansu babu buta, a riƙe 'yar gora.

Abinci kuma a yi hattara da karin kumallon otal da suke alfahari da shi, yawancinsa alade ne, tsiran alade da yankakken naman alade da wani baƙin abu zagaye da ake kira black pudding wanda da jini ake yinsa. Ka ce ƙwai da wake da tumatir da burodi kawai kake so kuma a soya daban, ko ka sha kunun oat ɗinsu yana riƙe ciki a sanyi. Farfesun naman sa sau da yawa da giyar Guinness ake dafa shi, kofin da ake kira Irish coffee akwai wiski a ciki, kek ɗin Kirsimeti ma haka, miyar kifi mai kauri wasu suna sa mata naman alade ko giya. Ka tambaya kai tsaye ba sa jin haushi, doka ma ta sa suna rubuta wasu daga cikin abubuwan da ke cikin abinci saboda masu alaji. Kifi dai suna da shi mai kyau, burodinsu mai ruwan ƙasa da man shanunsu ba a magana, shayi kuwa za ka sha har ka gaji don mutanen shayi ne na gaske.

Tambaya: 'Yata sannu da ƙoƙari. Ni tsohuwar ɗalibar St Louis ce ta Kano, sistoci 'yan Ailan ne suka koyar da mu, yanzu na yi ritaya ɗana zai kai ni in ga ƙasarsu kafin Kirsimeti. Shi yana cewa Galway, ni kuma na ji ana maganar Cork. Wanne ya fi, kuma ina ne asalin garin sistocinmu?
Mama, Jos

Amsa: Mama sannu da hutawa, Allah ya ƙara lafiya, wannan saƙon ya faranta min rai. Sistocin St Louis da suka zo Kano a 1948 gidansu na asali a Ailan yana garin Monaghan ne, can suka fara sauka a 1859 daga Faransa. Ƙaramin gari ne a arewa kusa da iyaka amma yana cikin Jamhuriyar, bizarki ta isa, babu jirgin ƙasa zuwa can sai bas daga Dablin wajen awa biyu. Ki sa ɗanki ya rubuta musu tun kafin ku taso ya ce tsohuwar ɗalibar Kano ce za ta zo, sistocin da suka rage yawancinsu sun manyanta ba a faɗo musu haka kawai, kuma ta haka ne za a iya haɗa ki da wadda ta taɓa zama a Najeriya.

Tsakanin biyun kuma ni Cork zan ce, kuma ba don kyau kaɗai ba. Limaman mishan na SMA, ƙungiyar limaman Katolika masu aiki a Afirka, da suka yi aiki a Kaduna da Jos gidansu yana Blackrock Road a Cork, sistocin wata ƙungiyar da ake kira OLA da suka kafa makarantar Queen of Apostles a Kakuri ta Kaduna su ma gidansu yana Ardfoyle a garin, kinga akwai zaren da ya haɗa ki da wurin. Daga tashar Heuston a Dablin jirgin ƙasa awa biyu da rabi ne. Tsakiyar garin tsibiri ne a cikin kogin Lee, a shimfiɗe yake za ki iya takawa a hankali, sai dai unguwannin gefe akwai hawa sosai a ɗauki tasi. Akwai kasuwar English Market tun 1788, rufaffiya ce ko ana ruwa za ki zaga abinki, sannan ƙaramin jirgi na kai ki Cobh cikin kusan minti 25, tashar da jirgin Titanic ya tsaya na ƙarshe a Afrilu 1912, kuma daga nan ne ɗimbin 'yan ƙasar suka yi hijira zuwa Amurka.

Galway gari ne mai daɗi, kasuwar Kirsimetinsa a Eyre Square ta yi suna, amma yana fuskantar Atlantika kai tsaye, ruwa da iska sun fi yawa a can, a Janairu 2025 guguwar Éowyn ta buga da gudun da ya haura kilomita 180 a awa a gaɓar gundumar, gidaje da shaguna sama da dubu 700 suka rasa wuta a ƙasar. Na san ɗanki duwatsun Moher yake hange, masu tsayin mita 214 a kan teku, amma a Disamba hazo kan rufe su ka je ba ka ga komai ba, ga iska mai iya ture babba, wannan a bar shi sai bazara. Kullum da safe ya duba sanarwar hukumar yanayi ta Met Éireann, gargaɗinsu kala uku ne, rawaya a kula, ruwan lemo a rage fita, ja kuwa ba a fita ko ƙofar otal kuma motocin haya ma tsayawa suke, don haka ku bar kwana ɗaya a cikin shirin da babu komai a kansa saboda irin wannan.

In za ki je coci a Dablin ki sani manyan biyun nan da baƙi ke zuwa, St Patrick da Christ Church, na Angilika ne duk da cewa yawancin ƙasar Katolika ne, ta Katolika ita ce St Mary a titin Marlborough kusa da titin O'Connell. Dukansu suna waƙoƙin Kirsimeti a Disamba, wasu sai da tikiti. Magungunanki kuma ki sa su a jakar hannu cikin kwalinsu na asali tare da takardar likita, a yi inshorar lafiya ta tafiya kafin a tashi, tikitin jirgin Cork ɗin ma ya saya a intanet tun da wuri ya zaɓa miki kujera, ya fi sauƙi a kan saye a tasha ranar tafiya.